Safar matse ƙafa da na saya wa Inna

Inna ta daɗe tana fama da tundurmi a ƙafar hagu. Ƙwayoyin da aka raba gida-gida, ivermectin da albendazole, ta sha su, amma aikinsu kan ƙananan tsutsotsin da sauro ke yaɗawa ne; kumburin da ya riga ya zauna ba ruwansu da shi. Shi ne likita ya rubuta mana safar nan mai matse ƙafa, na samo ta a wani farmasi nan cikin Damagaram.

Mai farmasin bai sayar mini ba sai da na koma gida da igiyar awo irin ta teloli, na auno idon sawu da sha-raɓa da sassafe, kafin ƙafar ta cika. Wannan ya burge ni. Safar da ta yi yawa ado ce kawai, wadda ta yi kaɗan kuma yanka fata take yi a bayan gwiwa.

Sa ta aiki ne. Bayan asuba, tun tana kan gado, nake juya safar in fara daga dunduniya, ina ja a hankali tana cewa, "Ke ƴar nan, ƙafar za ki cire mini?" Amma zuwa la'asar, lokacin da da sai ta nemi turmi ta ɗora ƙafar, yanzu takalminta na shiga, har Kasuwar Dole take zuwa.

Aibinta zafi. A bazarar garin nan gumi na taruwa tsakanin yatsu, kuma nan ne ciwo ke samun ƙofa. Dole kullum dare a cire, a wanke ƙafar da sabulu, a tsane kowane lungu. Ranar da ƙafar ta yi ja da zafi, ga zazzaɓi, ba a sa ta, asibiti ake nufa. Kuma ba warkarwa take yi ba: kwana biyu babu ita, kumburi ya dawo.

Ƙanena ya dage sai mu nemi wani zare da ake kira BioBridge, na kamfanin Fibralign a Amurka. Siririn zare ne na kolajin, wato sinadarin da ke ba fata ƙarfi, wanda likitan tiyata ke shimfiɗawa a ƙarƙashin fata, don sababbin hanyoyin ruwan jiki su bi shi su tsiro su ƙetare wurin da ya toshe. A 2016 masu bincike na jami'ar Stanford sun nuna hakan a jikin aladu, daga baya aka gwada a kan masu kumburi bayan tiyatar ciwon daji. Dabara ce mai kyau, sai dai tiyata ce ta ƙwararru, ba kayan kanti ba. Da Inna ta ji kolajin ɗin daga alade ake samo shi, cewa ta yi, "Sai an tambayi malam tukuna."

Safar ta fara saki, roba ce. Wannan karon biyu zan saya, ɗaya a ƙafa ɗaya a igiyar shanya.