Ta coci, ta gwamnati ko ta kuɗi: ina za a kai yaro a Sakkwato?

Lokacin azumin Kirista na kwana arba'in, daga Larabar Toka zuwa Ista, yakan faɗo ne a zango na biyu, daidai lokacin da iyaye ke fara tambayar fom na shekara mai zuwa. Kuma shi ne lokacin da makaranta ba ta iya ɓoye halinta, don a Maris da Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40.

Makarantar Katolika ta jeka-ka-dawo ita ce zuciyar yawancin iyalan Katolika ke fara karkata gare ta, kuma ga ɗan firamare ni ma ita zan zaɓa. Yaro na koyon katikizim, wato darasin koyarwar coci, a wurin da yake koyon lissafi, Fada, limamin coci, ya san sunan gidanku, idan kuɗin zango ya makara akwai wanda za ka zauna da shi ku yi magana. Cocin ba baƙo ba ne a harkar ilimi a nan: 'yan Dominikan, wata ƙungiyar limaman Katolika, ne suka kafa aikin, Sakkwato ta zama dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, a 1964, Bishop Matthew Hassan Kukah kuma ke riƙe da ita tun 2011. Amma fa sunan mishan ba ya koyar da yaro. Ka tambayi malamai nawa suka haura shekara uku a wurin. Inda albashi ya yi ƙasa, malami na samun aikin gwamnati zai tafi. Sannan ka lissafa kuɗin Keke ko kabu-kabu. Mai zama Arkilla da zai riƙa kai yaro Mabera kullum, kuɗin hanya na iya kamo kuɗin makarantar.

Makarantar kwana kuwa wani lissafi ne daban. Kada ka tsaya a ofishin shugabar makaranta, ka ce a kai ka ɗakin kwana da rana tsaka. Ƙirga gadaje, dubi tagogi, buɗe famfo da hannunka ka ga ko burtsatsen na aiki in babu wuta. Lokacin sanƙarau ne, cunkoso ba abin wasa ba ne. Ka leƙa kicin ma. Dokar coci ta hana cin nama ranakun Juma'ar azumi daga shekara 14, azumin kansa kuwa sai daga 18, saboda haka babu hujjar rage wa ɗan aji ɗaya abinci da sunan ibada. In an cire nama, a ga wake ko kifi a madadinsa.

Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato ta fi sauƙin kuɗi, shigarta ta jarabawar da NECO ke shiryawa ce, yaro kuma zai tashi da abokai daga ko'ina. Sai dai tarbiyyar addini za ta dawo wuyanku a gida.

Makarantun kuɗi kuwa, akwai na ƙwarai, akwai shago mai allo. Tambaya biyu ta ishe ka: kuna da malamin darasin addinin Kirista? Kuna da cibiyar WAEC taku, ko sai an kwashi yara zuwa wani wuri?

Ko wacce ka nufa, a rubuta maka jimillar kuɗi a takarda, har da inifom, littattafai da kuɗin PTA. Ka tambayi lokacin tashi ma. A 2025 da 2026 azumin Kirista ya haɗu da Ramadan, makarantun mishan kuma na da ɗalibai Musulmi, don haka yadda suke sassauta wa kowa ya cancanci tambaya. In za ka iya, ka kai ziyararka ranar Juma'a, ka tsaya a baya lokacin Hanyar Gicciye, addu'ar tunawa da wahalar Yesu, ka ga ko an sa yaran a inuwa, da kuma yadda ake yi da waɗanda ba 'yan Katolika ba.