Sharhi: Buga tarihin Baba ta kamfanin da sai an nema yake bugawa

Duk wanda ya taɓa kai littafi maɗaba'a a Kano ko Zariya ya san maganar farko da za a yi masa: kwafi nawa? Injin ɗab'i na faranti sai an haɗa wa kowane rukunin shafuka farantinsa, kuma kuɗin farantin ɗaya ne ko kwafi goma za a buga ko dubu. Shi ya sa mai maɗaba'a zai ce ka buga daga ɗari biyar zuwa sama in kana son farashi ya sauko. To, wa zai karanta kwafi ɗari biyar na tarihin tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa? Mu 'ya'ya da jikoki da surukai, har da abokan aikin Baba da suka rage, ko kusa ba mu kai haka ba. Abin da ya kai ni ga kamfanonin intanet ke nan, waɗanda za ka ɗora musu littafinka su ajiye, ba za su buga ko kwafi ɗaya ba sai wani ya biya ya nema.

Manyansu sanannu ne. Akwai Lulu, wanda Bob Young ya kafa a Amurka a 2002. Akwai KDP, sashen buga littattafai na Amazon, da ya haɗiye CreateSpace a 2018. Akwai IngramSpark, wanda ya fi dacewa da mai son littafinsa ya shiga kantunan littattafai da ɗakunan karatu, sai Blurb da ya fi suna a littattafan hotuna. Ba zan faɗi wanda na zaɓa ba don kada a ce talla nake yi. Sai dai akwai bambanci ɗaya da ya kamata mai littafin iyali ya duba tun kafin ya buɗe asusu. Wasu suna barin ka buga don kanka, babu lambar ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya), babu saka shi a kasuwa. A Amazon kuwa tsarin na sayarwa ne: kafin ka saki littafin kasuwa, kwafin gwaji kawai za ka iya samu, da tambari a bango cewa ba na sayarwa ba ne. Littafin da ke ɗauke da sunayen matan gida da labarin rabon gado ba abin da za a baje wa duniya ba ne, don haka na bi hanyar sirri.

Aikin gaske ba a wurinsu yake ba, kuma ba su ɓoye hakan. Ba mai gyara maka rubutu, ba mai duba maka ƙa'ida. Abin da ka ba su shi za su buga, har da kurakuranka. Baba ya shiga aikin jirgi ba da daɗewa ba bayan kafa hukumar jiragen ƙasa a 1955, ya zauna a tashoshin layin Nguru da na Ƙauran Namoda lokacin da gyaɗa da auduga ke cika taragu. Amma Baba ba ya ƙirga shekara da lamba. Zai ce "shekarar canjin hannu", sai in rubuta 1972, lokacin da motoci suka koma bin hannun dama. Zai ce "da aka canja kuɗi", wato 1973, da naira ta maye gurbin fam. "Bayan Udoji" kuma, wato bayan ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, tsakiyar shekarun 1970 ke nan, "zamanin Indiyawa" kuwa daga 1979 ne, sa'ad da aka damƙa wa wani kamfanin Indiya tafiyar da jirgin. Da waɗannan turaku na ɗaure labarin, kuma na bar kalmominsa yadda ya faɗe su, na sa shekarun a gefe. Wannan ba kamfanin da zai yi maka shi.

Abin da na fi jin tsoro shi ne haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Mun sha ganin littattafan Hausa da "ƙasa" ta koma "kasa", ko a ga wani ɗan akwati a gurbin harafin. Maganin mai sauƙi ne. Ka zaɓi salon rubutu mai ɗauke da su tun asali, irin Charis SIL ko Gentium, dukansu kyauta ne, sannan ka mayar da littafin PDF tare da cusa salon a cikin fayil ɗin. Kada ka ɗora musu fayil ɗin Word ka ce su juya da kansu. Da na bi wannan, ko ƙugiya ɗaya ba ta ɓata ba, har a kan bango. A nan na ba su maki cikakke.

Na zaɓi girman inci 6 da 9, takarda mai ruwan madara, baƙin tawada, bango mai laushi. Shafinsu na intanet yana lissafa maka kaurin gefen littafin daga yawan shafuka, ya ba ka samfurin bango da za ka bi, kuma injinsu yana duba fayil ɗin nan take ya nuna inda rubutu ya matsa bakin takarda. Komai da Turanci ne, wanda bai saba ba zai so ɗan taimako, amma ba wani abu ne mai wuya ba.

Hotuna ne suka ba ni haushi. Suna neman hoto mai ɗigo 300 a kowane inci, na kuma bi ƙa'idar, na kai tsofaffin hotunan aka yi musu sikanin mai kyau. Duk da haka hoton Baba da kakin aiki a bakin tasha ya fito da duhu, fuskar ta nutse a cikin inuwar hula. Takardar rubutu tana shan tawada, abin da ke haske a allon kwamfuta sai ya dusashe. Sai da na ƙara wa kowane hoto haske fiye da yadda ido ke so a allo kafin ya daidaita. Ga wani abin kuma: a kamfanin da na bi, in ka nemi launi ko don hoto biyu ne, duk shafukan littafin za a caje ka kuɗin launi. Na haƙura da baƙi da fari, dama yawancin hotunan haka suke. Kwafi ɗaya kuma ya zo gam ɗinsa bai kama ba, shafukan tsakiya suna zamewa. Na ɗauki hoto na tura musu, amsar ta ɗan jima, amma sun sake bugawa ba tare da gardama ba.

Amfanin da ya sa ba na nadamar kuɗina ya bayyana ne bayan kwafin gwaji ya shiga hannun manya. Littafin iyali ba ya ƙarewa ranar da marubuci ya ajiye alƙalami, sai ya bi ta hannun goggonni. Goggo, ƙanwar Baba, jikarta ta karanta mata, sai ga kiranta da sassafe.

"Ke, wa ya ce miki a Gusau aka haifi yayanku? A Ƙaura ne, ni na yi zaman jegon. Sannan maganar fitar Inna ta farko, a cire ta. 'Ya'yanta suna raye."

Na kai maganar gaban Baba. Ya yi shiru, ya ce, "Ƙaura ne, ta fi ni gaskiya. Ɗayar kuma ki bi abin da ta ce."

Kawu ma ya kawo nasa, sunan wani direban jirgi da aka musanya da na ƙaninsa. Da kwafi ɗari biyar ne jibge a ɗaki, da sai dai a bi su da biro ko a zauna da ɓacin ran dangi. A nan kuwa na gyara fayil, na sake ɗorawa, kwafi na gaba ya fito da gyaran. Wannan damar ce ainihin abin da na saya, kuma ita ta sa manya suka saki jiki suka yi magana, tunda sun ga ana jin tasu.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce mai ɗaci ga mazaunin Najeriya. Bugun kansa ba tsada. A lissafin da Amazon ya fitar a 2023 na kasuwar Amurka, littafi mai baƙin tawada dala 1 ne da ɗan abin da ya haura santi ɗaya a kowane shafi, wato mai shafi 200 bai kai dala 4 ba, sauran kamfanonin ma ba su yi nisa da haka sosai ba. Aikowa ce ke cin mutum. Nawa a Ingila aka buga su, kuma kuɗin da suke nema don kawo 'yan kwafi Kano ya ninka kuɗin bugun. Ga dala da ta haura naira 1,500 a 2024, ga katin naira da a lokacin ba ya biya a waje. Ƙanina da ke Ingila ne ya biya da katinsa, aka kai masa gida cikin 'yan kwanaki, ya ba mai tahowa. Ga danginmu da ke Turai da Amurka abin ya yi daɗi, kowa na tura masa mahaɗin sirri ya nemi nasa. Ga na gida kuwa ban ga dalilin biyan dala ba. Da gyara ya kammala, sai na ɗauki PDF ɗin nan na kai wa masu injin dijital a Kano, waɗanda su ma suna buga kwafi kaɗan ba tare da faranti ba. Bangonsu bai kai na waje santsi ba, yankan ma akwai ɗan karkata a wasu, amma na tsaya a kansu na ga kwafin farko da idona, kuma da naira na biya.

Maganar ISBN ce ba mu gama ba. Hukumar Ɗakin Karatu ta Ƙasa ce ke ba da lambar a Najeriya, kuma dokarta ta 1970 ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi 3 a wurinta. Yaya yana so a karɓi lambar, don a ganinsa babin dalar gyaɗa da na jigilar sojoji lokacin yaƙin basasa zai amfani masu binciken tarihin jirgin ƙasa. Goggo ta ce in dai baƙi za su karanta, akwai wasu shafuka biyu da su ma sai an cire. Abin da na ba da shawara shi ne a yi fayil biyu, na gida da na waje, tunda kamfanin bai hana ba kuma ajiyar ba ta cin ko kwabo. Yaya ya yarda, Goggo ta ce sai an karanta mata na wajen daga farko har ƙarshe tukuna.