Tifa ko kwantenar shara? Amsa ga Alhajin da zai sauya rufi a Agege

Alhaji barka da ƙoƙari, Allah ya sa a gama lafiya. Kan tambayarka ko ka ɗauki hayar kwantenar shara ta ƙarfe ko ka kira tifa ta kwashe tarkacen tsohon rufin, ni dai nace maka tifa, kuma duka biyun na taɓa su da kuɗina.

Lokacin da muka kwaye rufin gidanmu na Idi-Araba a nan Legas wani dattijo direban tifa ɗan Katsina aka haɗa ni da shi a masallaci, ya zo tun ana gobe za a fara ya zagaya gidan ya leƙa silin ya buga katakon da hannu, yace kar in kira shi sai kafinta ya sauke komai an ware, don a cewarsa rabin abin da nake kira shara kuɗi ne. Haka kuwa aka yi. Kwano gefe guda, ƙusoshi da guntayen ƙarfe a buhu, katakon da gara bata ci ba mai shayin layinmu ya saya ya gyara rumfarsa, ƴan gwangwan suka zo da sikeli suka auna kwanon, abin da na samu a wurinsu ya biya leburori har da ragowa. Abin da ya rage na zubarwa sai ruɓaɓɓen katako da silin da ɓaraguzan bulo na saman bango, ranar Asabar bayan asuba ya iso kafin goslo ya tashi, yara huɗu da shebur da kwanon sarki suka loda, ya lulluɓe da tampol, kafin azahar ƙofar gidan tas kamar ba a yi aiki ba. Da yamma ya dawo da kansa ya nuna min rasit na juji sannan ya karɓi cikon kuɗinsa. Wallahi har yau ina masa addu'a.

Kwantena kuwa na ɗauka sau ɗaya a shagon ƙanina, amfaninta ɗaya in aikin zai ja sati biyu kana jefawa a hankali. Amma a layi irin namu da mota biyu basa wucewa tare, ta tare hanya maƙwabta suna ta ƙorafi, dare ɗaya mutane suka cika rabinta da sharar gida, ruwan sama ya taru a ciki, kuma kwanakin haya suna tafiya. Sai dai mai fili a cikin get.

Wani abu da baka tambaya ba amma dole in faɗa. Ka binciki inda za a kai kayan. Akwai direbobin da za su karya maka farashi sosai, dalili ba za su je juji ba, babban jujin Olusosun da ke Ojota akwai layi kuma akwai kuɗin shiga, sai su jira dare su juye a bakin kanal ko wani kango. Wannan shi ke toshe magudanan ruwa, kowa ya ga yadda ruwa ya shanye Legas ranar 3 ga Yulin 2024, kuma gidajen talakawa irinmu ne ke fara cika. Bayan haka dokar muhalli ta jihar ta 2017 ta haramta zubar da shara barkatai, in aka kama su suka nuno gidanka ka shiga ciki kaima. Don haka ka nemi wanda ke da rajista da LAWMA, hukumar kula da shara ta jihar Legas, ko ka tuntuɓi hukumar kai tsaye tunda suna da ɓangaren sharar gine-gine. Motar PSP, wato ta kamfanoni masu zaman kansu, mai zuwa ɗaukar sharar gida ba aikinta bane wannan kar ka dogara da ita. Masu tura kura ma na san yawanci ƴan uwanmu ne kuma neman halak suke, amma gwamnatin jiha ta hana sana'ar tun 2018, in aka kama yaro da kayanka an ƙwace kurarsa ka ja masa asara.

Kar ka biya duka a gaba, rabi kafin alƙalami rabi in ya kawo rasit. Ku yi ciniki a kan sawu, ku faɗi girman tifar ƙarara tan 5 ce ko tan 10, don wasu za su zo da ƙarama su maida sawu ɗaya biyu. Wurin ƴan gwangwan kuma ka tsaya da kanka a kan sikelin, alminiyom daban kwanon ƙarfe daban, farashinsu ba ɗaya ba, mai son cutarka zai haɗe su ya auna a kuɗin ƙarfe. In kana shakka sa maganaɗisu, alminiyom baya kamawa.

Sai maganar da tafi damuna. Tsofaffin gidajen Legas da yawa, irin na unguwar Festac na 1977 da rukunin gidajen Gwamna Jakande na farkon shekarun 1980, rufinsu ko silin ɗinsu na asbestos ne, wannan mai ruwan toka kamar siminti. In naka irinsa ne don Allah kar a bar yara su wurgo shi daga sama ya farfashe, ƙurarsa ke shiga huhu ta zauna, sai bayan shekara 20 ko 30 ciwon ya bayyana, har kansa yana jawowa. A jiƙa shi da ruwa, a kwance ƙusoshin a sauko da shi ɗaya bayan ɗaya, a naɗe a leda mai kauri, masu aikin su sa takunkumi na gaske da safar hannu, iyali kuma su bar gidan ranar. Kuma ka gaya wa mai tifar tun farko abin da zai ɗauka.

Ka sa kafinta ya baka ranar gamawa tukunna, sai ka riƙe tifa washegari da sassafe. In aikin zai faɗo tsakanin Afrilu da Yuli ka tanadi tampol biyu, ɗaya na saman gida ɗaya na tarkacen, don jiƙaƙƙen silin nauyinsa ƙaruwa yake kuma leburori za su ƙara maka kuɗi.