'Yar tsana ta sa ni hawaye a Osaka, sifika ta ɓata min rai

Wallahi don a ce na je kawai na sayi tikitin. Ƙaramin zaure ne a Osaka ta ƙasar Japan, wata ƙungiyar matasa ce ta haɗa 'yar tsanar bunraku, wato wasan 'yar tsana na gargajiyar Japan, da 'yan wasa masu rai a labarin zamani, kuma irin wannan gamin gambizar ba kasafai yake daɗi ba.

Labarin wata ma'aikaciyar ofis ce da ke jinyar uwarta mai ciwon mantuwa. 'Yar mutum ce, uwar kuwa 'yar tsana, maza uku sanye da baƙi suna riƙe da ita kamar yadda aka gada: babban yana da kai da hannun dama, na biyu hannun hagu, na uku ƙafa. 'Yar tsana mace yawanci ba ta da ƙafafu, don haka yaron nan a durƙushe yake, ya cusa hannuwansa cikin gefen kimono yana motsa shi, sai ka rantse gwiwoyin tsohuwa ne ke rawa. Akwai inda 'yar ta kawo abinci, uwar ta dube ta ba ta gane ta ba, ta ɗago hannun riga ta cije. Wata 'yar allura ce a bakin take kama ƙyallen, na san da ita tun kafin na zo, amma sanin bai hana ni hawaye ba. Dattijuwar da ke kusa da ni ma sai da ta ciro hankici. Da a nan aka tashi, da tauraro biyar zan ba su ba musu.

Sai aka shiga kashi na biyu. Ashe ba mai rera labari, wato tayu, ba mai kaɗa shamisen, abin nan mai tsirkiya uku kamar molonmu. Rikodin aka saka! Bunraku fa ƙafa uku gare shi tun zamanin mai rera labari Takemoto Gidayu da ya buɗe zaurensa a unguwar Dotonbori ta Osaka a 1684: murya, kiɗa, 'yar tsana. A nan sautin yana gudu daga sifika, masu tsana suna binsa a baya, har wani wuri kukan ya riga kafaɗar tsohuwar motsi. Haba.

Abin da ya ƙara tunzura ni, bayan takardar shirin cike yake da tambarin masu tallafi, ga wani ƙaton allo a dandali yana nuna ruwan sama da jirgin ƙasa, wanda ba wanda ya roƙe su. An samu kuɗin allo, ba a samu na mutum biyu ba? Ni dai a ganina, mai ba da tallafi "sabon salo" yake son gani a takarda, shi ya sa kowa ke tara na'ura.

Ba laifin yaran kaɗai ba ne. A 2012 magajin garin nan, Hashimoto Toru, ya riƙe tallafin ƙungiyar bunraku, daga baya aka ɗaura kuɗin da yawan 'yan kallon da suka shiga babban zauren ƙasa na Nipponbashi, wanda aka buɗe a 1984. Abin da UNESCO ta sa a jerinta na al'adun gargajiya a 2008 ke nan aka yi wa awo da kan mutum. Sana'ar da ake cewa shekara goma a ƙafa, goma a hannun hagu, kafin a ba ka kai, wa zai ba ta ƙuruciyarsa a haka?

Tauraro uku. A'a, biyu da rabi, don yanzu na tuna fassarar Turancin da suka yi alkawari ma 'yar takarda guda ce. In za ku je, ku nemi kujerar gaba don ku ga aikin mai ƙafa, kuma ku tambaya tun a wurin sayen tikiti ko makaɗin zai zo da kansa.