JavaScript: a kashe ko a bar shi a kunne?

Ɗan'uwan da ya tambaya ko kashe JavaScript (yaren shirin kwamfuta da shafukan intanet ke turo wa burauza ta gudanar) a burauza zai tsare shi daga masu kutse kuma shafuka su ci gaba da buɗewa, toh ga ɓangarorin nan biyu, kashewa da kunnawa.

In ka kashe: shafi na buɗewa fit, data ba ta zuba, yawancin tallan nan masu tsalle da masu bin diddiginka sun yi barci. Harin XSS, wanda ake cusa muguwar lamba, wato umarnin JavaScript, cikin shafin kirki a sace maka shiga akawun, kusan ba shi da wurin taka ƙafa. Shi ya sa Tor Browser, burauzar ɓoye sawu, a matakin tsaronta mafi tsauri (Safest) ke kashe JavaScript gaba ɗaya. Ko manhajar Coinhive da aka yi ta haƙar kuɗin kirifto na Monero da kwamfutocin mutane daga 2017 zuwa 2019, sai dai ka ji fanka na ihu batir na tsiyaya, da JavaScript ne.

Amma fa za ka sha rufe ƙofa. Wikipedia za ka karanta lafiya lau, WhatsApp Web da YouTube kuwa sai kallon fanko, Gmail ta cire tsohon shafinta mai sauƙi a 2024, binciken Google ma tun Janairun 2025 sai da JavaScript. Mafi ban haushi fom, ka cike tsaf ka danna maɓalli shiru, ba saƙon kuskure ba komai, ashe kapca, gwajin nan na tabbatar da kai mutum ne, ita ce ba ta fito ba. Kuma kar a ce kashewa na taimakon makafi, manhajojin karanta allo irin NVDA da JAWS suna tafiya da shi, abin da ke wahalar da su menu ne da aka gina a karkace wanda kibod ba ya kai wa.

In ka bar shi a kunne komai na aiki, sai dai duk lambar da shafi ya turo burauzarka za ta gudanar. A 2018 haka aka kwashi bayanan katin dubban ɗaruruwan kwastomomin British Airways, a shafin biyan kuɗi na gaske. Ka ga matsalar ai, wurin da ya fi haɗari nan ne dole ka kunna. Shafin bogi mai neman fasawod kuwa ko a kashe zai karɓe.

Ni dai shawarata, sa NoScript, ƙaramar manhajar toshe JavaScript, a Firefox, ko a Chrome ka shiga saitin shafuka ka toshe shi ka riƙa buɗe wa waɗanda ka yarda da su ɗaya-ɗaya. In ba ka da haƙurin wannan, bar shi a kunne kawai, ka dinga sabunta burauza da zarar abdet ya fito.