Hajijiya da ƙugin kunne: likitan kunne ko likitan jijiyoyi?

Assalamu alaikum. Yaya, tambayarki ta kwana a raina, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce shekara biyu ke nan hajijiya na kada ki, ɗaki ya yi ta juyawa awa biyu ko uku ga amai, kunnenki na hagu kuma yana ƙugi kamar an tada injin niƙa a maƙwabta. Wani likita ya ambaci cutar Meniere ya ce ki nemi likitan kunne, 'yan'uwa kuma sun ce jiri daga kai yake, likitan jijiyoyi za ki gani. Kuɗin tafiya ɗaya gare ki, kina son sanin inda za ki dosa.

Ki fara da likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ENT a asibitocin Najeriya, ORL a Nijar. Amma da sharaɗi: ya zama wurin da ake gwajin ji. Shekara huɗu na yi ina kai Innarmu asibiti a kan irin wannan ciwo, kuma shekara guda cur daga ciki ta tafi a banza saboda ba mu san wannan sharaɗin ba.

Can bayan dodon kunne, cikin ƙashin kai, akwai wata 'yar gaɓa mai siffar dodon koɗi, ita ce ke ji. Manne da ita akwai bututu uku lanƙwasassu da ke gaya wa mutum ko a tsaye yake ko ya karkata. Ruwa ɗaya ne ke zagaya su duka. In ruwan nan ya taru fiye da kima, ji da daidaiton jiki sukan rikice tare. Wani likitan Faransa, Prosper Ménière, shi ya bayyana a 1861 cewa irin wannan hajijiya daga kunne take tasowa, a lokacin da likitoci ke ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwa. Kin ga ashe gardamar da ake yi a gidanku ta girmi kakanninmu. Kuma fitilar nan da ake leƙa kunne da ita iyakarta dodon kunne, ba ta hango ciki. Sau uku ana leƙa kunnen Inna ana ce mana lafiya lau yake.

Ma'aunin da ƙungiyoyin likitoci suka amince da shi a 2015 ya ce kafin a tabbatar da Meniere sai hajijiya ta zo aƙalla sau 2, kowace ta ɗauki tsakanin minti 20 da awa 12. Sai ƙugi ko toshewar kunne ko raguwar ji suna zuwa suna tafiya. Sai kuma gwajin ji ya nuna a takarda cewa kunnen ya rage kama sautuka masu kauri, irin amon babbar ganga. Na farko da na biyu ke ce za ki faɗa da bakinki. Na ukun na'ura ce kaɗai ke faɗarsa, kuma na'urar tana ɓangaren masu kunne. Ba na manta ranar da aka shigar da Inna wani ɗan ƙaramin ɗaki da ba ya shigar da hayaniya, aka sa mata abin ji a kunnuwa, aka ba ta maɓalli ta riƙa dannawa duk sanda ta ji sauti. Ina kallonta ta gilashi. Da aka zo kunnen hagu sai na ga ma'aikacin yana ta ƙara sauti, ita kuwa yatsanta bai motsa ba. Abin da aka gano cikin rabin awa a ranar, shekara guda muna nemansa a kemis da ƙarin ruwa da allurar maleriya.

Likitan jijiyoyi kuwa (ba likitan taɓin hankali ba ne, mutane na yawan haɗa su) aikinsa yana ɗaya bakin igiyar ne, inda jijiyar kunne ta shiga ƙwaƙwalwa. Inda ya fi likitan kunne nesa ba kusa ba shi ne ciwon ɓarin kai mai zuwa da hajijiya. Wannan ya fi Meniere yawa a cikin jama'a, kuma yana kama da ita ƙwarai: yakan ɗauki daga minti 5 har awa 72, wani lokaci ma ba tare da kan ya yi ciwo ba. Alamarsa ita ce haske da hayaniya su dami mutum har ya nemi ɗaki mai duhu, ko ya riƙa ganin walƙiya a ido, ko a tarar dama can yana da ciwon ɓarin kai tun ƙuruciya. Ji kuma yawanci ba ya lalacewa. Saboda haka ko da wurinsa kika fara zuwa, in ya san aikinsa, gwajin ji zai fara tura ki. Tafiya biyu ke nan maimakon ɗaya.

Wajen magani ma tazararsu a fili take. Likitan jijiyoyi ƙwayoyin kariya daga ciwon ɓarin kai yake bayarwa, irin su propranolol ko amitriptyline, da gyaran barci da lokacin cin abinci. In Meniere ce ta gaskiya, hannunsa gajere ne. Likitan kunne shi ke da matakai. Yakan fara da rage gishiri, kuma a nan ne muka sha wuya, domin gishirin da ake barbaɗawa a miya shi ne ƙarami. Dunƙulen ɗanɗano, yaji, kilishi, taliyar leda da ɗan ƙullin garinta, har kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuka, duk sinadarin gishiri ne cike da su. Tukunya daban muka koma yi wa Inna, aka kuma rage mata goro da shayi. Daga nan sai maganin rage ruwa a jiki da betahistine. Wannan na biyun ana rubuta shi sosai, wasu na cewa sun ji daɗinsa, amma wani babban gwaji da aka yi a Jamus aka wallafa a 2016 bai ga ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba, don haka in kin sha wata da watanni ba canji, ki faɗa wa likita, kada ki yi ta saye. In ƙwayoyi sun gaza, akwai allurar da ake yi ta cikin dodon kunne: ta steroid, wadda ba ta lalata ji, ko ta gentamicin, wadda ke kwantar da hajijiya da ƙarfi amma tana iya rage jin da ya saura. Tiyata ce ƙarshe, kuma kaɗan ne ke kaiwa can. Duk waɗannan aikin hannun likitan kunne ne.

Su ma likitocin ENT ba ɗaya suke ba. Wani ƙwarewarsa a hanci take, wani a maƙogwaro da wuya. Ba rashin kunya ba ne ki tambayi ma'aikaciyar jinya wane ne a cikinsu ya fi zama a kan kunne, da ranar da yake ganin marasa lafiya. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da gwamnatin tarayya ta kafa a 1999. Asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri duk suna da sashen ENT, kuma fa'idar asibitin koyarwa ita ce likitan jijiyoyi na nan cikin harabar in an buƙace shi, domin akwai masu ciwon biyu a haɗe. Kafin ki hau mota, ki sa wani ya tambayo ko na'urar gwajin ji tana aiki.

Tunda kunne ɗaya ne ke damunki, kada ki yi mamaki in an ce a yi hoton MRI. Ana yinsa ne don a tabbatar ba wani ƙari ne ya fito a jijiyar ji ba. Irin wannan ƙarin ba ciwon daji ba ne, amma gara a san da shi da wuri.

Akwai halin da zaɓin nan bai taso ba. In hajijiya ta zo da nauyin harshe, ko ganin abu bibbiyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki, ko mutum ya kasa tsayuwa sam, musamman mai hawan jini ko ciwon suga, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce: sashen gaggawa a take, ko da tsakar dare ne. Haka in kunne ya daina ji farat ɗaya, a ga likitan kunne cikin kwanakin nan, domin maganinsa ya fi ci a makonni biyun farko. Hajijiyar da ke zuwa in an juya a gado ta wuce kafin minti ɗaya kuwa wani ciwo ne daban, mai sauƙi, sau da yawa da juya kai kawai likita ke gyara shi.

Abu ɗaya nake roƙonki, Yaya. Stugeron da Stemetil ɗin da kika ce kina sha kullum, na ranar da abin ya taso ne, ba na kowace safiya ba. Daɗewa a kansu na hana ƙwaƙwalwa sabawa da raunin kunnen, kuma a manya yana iya kawo rawar hannu. Ki tafi da kwalayensu ki nuna wa likita. Ki kuma samu ƙaramin littafi daga yau: ranar da hajijiyar ta zo, ƙarfe nawa ta fara, ƙarfe nawa ta sake ki, kunnen ya toshe ko bai toshe ba, kai ya yi ciwo ko bai yi ba. Na Inna, da ƙanwata ke rubutawa a bayan littafin makarantarta, likita ya fi daɗewa a kansa fiye da duk takardun da muka kai. Kafin ranar ki bar ɗiban ruwa a rijiya, ki riƙa girki a zaune. In an yi gwajin jin kuma, ki karɓi kwafin takardar ki adana, domin da ita za a auna na gaba.