Hattara da masu sayar da modem da faifan "ƙara gudu"

Jama'a, duk mai shiga intanet ta layin tarho har yanzu, ya yi hattara da masu tallar modem (na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho) suna rantsuwa cewa nasu yana gudun bit 115,200 a daƙiƙa, har da kyautar faifan "ƙara gudu". Duka biyun damfara ce.

Wannan 115,200 da Windows ke nunawa gudun magana ne tsakanin kwamfuta da modem, ba gudun layi ba. Iyakar V.90 da V.92, wato ƙa'idojin da irin wannan modem ke aiki da su, kilobit 56 ne (bit 56,000) a daƙiƙa, kuma a aikace da wuya a kai nan. Layi mai hayaniya ma yakan faɗo zuwa kilobit 33.6 ko ƙasa.

Kada ka biya sai ka gwada. Sa wayar layin tarho da ta fito daga bango a ramin modem ɗin da aka rubuta LINE, domin na PHONE na kan tarho ne. Buɗe HyperTerminal (manhajar aika wa modem umarni, wadda a da take zuwa da Windows), zaɓi COM ɗin, wato mashigar kwamfutar da modem ɗin ya hau, rubuta AT. Ya kamata ya amsa OK. Umarnin ATI3 yakan fito da sunansa na ainihi, sai ka kwatanta da na jikin kwali. A nan mayaudari zai ce "ka gani, lafiya lau". Kada ka yarda. Modem ɗin da tsawa ta ƙona ɓangaren layinsa yana iya amsa OK sumul. Rubuta ATDT, umarnin buga waya, da lambar wayarka ta hannu. In ta yi ƙara, madalla. In ya ce NO DIALTONE, wato bai ji layi ba, alhali tarho na aiki a wannan layin, ya mutu, mayar masa da abinsa. Wannan rashin jin layi ne kuskure mai lamba 680 yake nufi a Windows.

Faifan kuwa shi ne babban tarkon. Yana shigar da manhajar da ke katse kiran da ya haɗa ka da intanet, ta kashe lasifikar modem da umarnin ATM0, sannan ta buga lambar ƙasar waje ko ta layi mai tsada. Kai kana lilo a intanet, kuɗi na zuba, ba ka sani ba sai takardar biyan tarho ta iso.

Direban modem, wato manhajar da ke sa shi aiki a kwamfuta, a shafin kamfanin da ya ƙera shi ake ɗaukowa. Wanda ya riga ya saka faifan, ya cire wayar daga bango tukuna, ya duba lambar da haɗin intanet ɗinsa ke bugawa, ya goge duk haɗin da ba shi ya ƙirƙira ba, ya cire manhajar, ya kuma nemi kamfanin tarho ya toshe kiran ƙasashen waje a layin.